Wace manhajar waƙa za ni biya don sifikun falo?

Abdul Arkilla: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da marece. Don Allah shawara nika biɗa ga masana. Satin da yaw wuce Allah ya hore min nis sayi amfilifaya ta gwanjo, Yamaha, da sifiku biyu dogaye irin na ajewa ƙasa, wani abokin yayana na za shi koma Abuja yas sayar min. Ran da nij je gwadawa gidanai faifan CD yas saka, wallahi sai da tsikar jikina tat tashi, kana jin mai kalangu awa gabanka shike zaune, har jan numfashin mawaƙin kana ji. Nik kawo su gida nih haɗa da wayata ta Bluetooth da wani ɗan ƙaramin abu da nis saya kasuwa, sai sautin yad dushe, bes ɗai ka bugu sauran duk sun cakuɗe. To yanzu ina son in fara biyan wata ga manhaja guda mai sauti na ƙwarai. Spotify, Apple Music, TIDAL ko Deezer, wace za ni ɗauka? Wayata Android ta. Kuma Baba na nan tare da mu, shi tsohin waƙoƙin fada na kotso da taushi shika so in ya dawo masallaci bayan isha'i, ina son shi ma shi ji daɗin kayan.

Bashir na Ingila: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ƙanena, ka yi sayayya. Ni dai TIDAL nake amfani da ita shekara uku kenan, suna ba da FLAC, wato fayil ɗin sauti marar ragi wanda ba a zubar masa da komai ba, har matakin 24-bit 192kHz, kuma tun 2024 suka haɗe tsarin biyansu suka daina raba masu sauti mai kyau daban. Akwai Qobuz ta Faransa, ita ma masu kunnen sauti suna yabonta sosai a nan, amma ba ta aiki a Najeriya don haka kar ka wahalar da kanka. In ka sayi sifiku irin waɗannan ka ci gaba da ba su MP3 ai kamar ka sayi ingarman doki ne kana ba shi ƙaiƙayi.

Ɗan Jami'a: Yaya Bashir kai kana inda intanet ba ya yankewa kuma ba a ƙirga maka shi. Mu nan tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025 kowa lissafi yake. Yaya Abdul ni shawarata Audiomack ko Boomplay, sabbin waƙoƙin Hausa da yawa nan suke sauka kuma kana iya saukewa ka ji ba data. Boomplay ma cikin wayar take zuwa in Tecno ce ko Infinix ko itel, don masu wayoyin suna da hannu a kamfanin.

Injiniya: Abdul, kahin ka biya kowa ko sisi tsaya ka ji. Matsalarka ba manhaja ta ba tukuna, wanga ɗan abin Bluetooth da kas saya shi aa matsala. Shekara ashirin da wani abu ina gyaran rediyo da amfilifaya, na san irinsu. Bluetooth matse sauti shika yi kahin shi aika, na gama-gari da aka kira SBC iyakatai wajen 328kbps (kbps shi na ma'aunin yawan bayanan sauti da ka wucewa kowane daƙiƙa), kuma ƙananan nan masu arha ko nan ba su kaiwa da kyau. Faifan CD da kaj ji gidan mutumin 1,411kbps na, ba a rage mai komi ba. To ko ka biya manhajar da tah hi kowace tsada duniya, in ta cikin wanga abin za ta bi, matsattsen sauti za ka ji. Awa ka cika tanki da ruwan Zamzam ka ce ta tsinken alkalami za su hito.

Dibi bayan amfilifayar, akwai ramu biyu ja da fari an rubuta AUX ko CD ko LINE. Sayo igiya mai kai guda na iyafis gefe guda, ja da fari ɗaya gefen. Haɗa ka saka waƙar nan da kaj ji ta dushe, sannan ka dawo ka ba mu labari.

Abdul Arkilla: Na gode Baba Injiniya. Amma wayata ba ta da ramin iyafis, ramin caji ɗai ag gare ta.

Injiniya: To sai ka biɗi ɗan DAC na USB-C, ɗan guntun abu na awa yatsa, gefe guda shi shiga ramin caji gefe guda ramin iyafis. Shi ka juya lambobin da ac cikin waya su koma sauti. Kak ka ɗauki wanda ad da arhar banza, wasu igiya ta kawai ba komi ciki, ba su aiki ga kowace waya. Gwada shi nan shagon kahin ka ba da kuɗɗi.

Mai Situdiyo Mabera: Maganar Injiniya ita ce magana. Ni kuma bari in taɓa wadda Yaya Bashir ya kawo, da girmamawa. Aikina kenan kullum, ɗaukar murya da haɗa kiɗa, kuma ina gaya maku 192kHz ɗin nan ba abin da zai ƙara ma Abdul a falonsa. Kunnen ɗan Adam daga 20Hz zuwa 20kHz yake ji, shi ma yaro mai lafiyayyen kunne, mu da muka haura talatin muka sha ƙarar janareta da lasifikar biki ba ma kaiwa can. CD da 44.1kHz ɗinsa yana ɗauke duk abin da ke ƙasa da 22kHz, ya riga ya rufe iyakar kunne. Mu a situdiyo muna ɗauka da 24-bit ne don mu samu sararin gyara, mu ɗaga nan mu sauke can ba tare da ƙazanta ta shiga ba. Mai saurare ba gyara zai yi ba.

Kuma in faɗi wadda ba a so, yawancin waƙoƙinmu na yanzu tun daga situdiyo ake lalata su. Mawaƙi zai zo ya ce a ɗaga masa ta yi ƙara ta fi ta wane, a danne ta a danne har kiɗan ya rasa numfashi, sannan a tura masa ta WhatsApp, shi kuma wannan ɗin da aka tura zai ba yaronsa ya ɗora a intanet. Wallahi na sha ganin haka da idona, ina riƙe da asalin fayil ɗin mai kyau a kwamfuta ba wanda ya zo ya karɓa. To irin wannan ko an rubuta mata losiles, wato marar ragi, a manhaja sunan ne kawai.

Bashir na Ingila: Malam ban ƙi taka ba a kan waƙoƙin da aka lalata tun asali, amma ni kunnena yana jin bambanci tsakanin Spotify na 320kbps da FLAC, musamman a kiɗan da ke da kuge da goge da kayan tsirkiya, ƙarshen sautin yana daɗewa kafin ya mutu. Ba zan ce ina jin bambancin 96kHz da 192kHz ba, wannan kam na bar maka. Amma marar ragi da matsattse akwai bambanci.

Mai Situdiyo Mabera: A ɗakinka na Ingila mai kafet da tagogi rufe, ba fanka ba janaretan maƙwabci, zan yarda. Ka tuna Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, fankar sama tana gudu a lamba ta ƙarshe, ta ƙasa ma tana yi, yara suna shiga suna fita. Wannan ɗan siririn bambancin fanka kaɗai ta cinye shi. Ban ce kar ya ɗauki marar ragi ba fa, in kuɗin ɗaya ne ya ɗauka mana, cewa nake kar ya zaɓi manhaja saboda lambar da ta fi girma.

Maman Hanifa: Sannunku da muhawara. Ni ba masaniyar waɗannan lambobin ba ce amma ga abin da na gani a gidana. Maigidan ya biya mana wata daga cikin manyan nan na waje, watanni biyu muna biya, sauti kam tubarkalla, karatun Alƙur'ani na manyan makaranta in ya saka da asuba har cikin kicin kana jin kowane harafi. Amma da na nemi waƙoƙin biki na Hausa da ƙasidun da nake so, rabi babu, wasu kuma an rubuta sunan mawaƙin ba daidai ba sai ka yi ta laluben yadda suka rubuta. Ƙarshe na koma YouTube. To Abdul tun da ka ambaci Baba, kafin ka biya ka zauna da shi ya lissafa maka waƙoƙi goma da ya fi so, kai ma ka rubuta naka goma, ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya kana nema. Wadda ta fi kawo maka su ita ce taka. Yawancinsu suna ba sabon shiga lokacin gwaji kyauta ai.

Abdul Arkilla: Anti wallahi wagga shawara ta shige ni. Ban yi tunanin hakanga ba ko kaɗan, ni dai lambobi nika ta dibi.

Ɗan Jami'a: Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu. Kuma a yi lissafin data don Allah. Apple da kansu sun rubuta cewa waƙar minti 3 tana cin kamar 6MB a matakin 256kbps, a marar ragi 36MB, a wancan babban na 192kHz kuma 145MB. Waƙa ɗaya fa. Waƙoƙin fada da Baba yake so wata sai ta yi minti ashirin ba ta ƙare ba. In mutum ya kunna babban matakin ya manta, kafin a yi sallar isha'i gig biyu sun tafi.

Injiniya: Yaro ya yi gaskiya ga lissahi. Na 320kbps awa guda 144MB shika ci, wanga kowa na iya bugawa ga kalkuleta. Amma akwai dabara, ba dole kullum ka jawo daga intanet ba. Saukewa za ka yi sau guda cikin dare lokacin da sabis ya sake kuma akwai garaɓasar data ta dare, ta zauna cikin waya, kullum sai dai ka kunna. Ga saitin manhajar akwai wuri ukku daban, na datar waya, na wayifai, na saukewa. Sa na datar waya ga ƙarami, na saukewa ga marar ragi. Shi kenan ka huta, kuma ko sabis ya ɗauke waƙa ba ta tsayawa tsakiya.

Hajiya Gawon Nama: Ni tambaya gare ni, Apple Music ba sai mai iPhone ba? Na ga yaron ya ce Android gare shi.

Bashir na Ingila: A'a Hajiya, tana nan a Play Store, kuma marar ragin yana aiki a Android. Tun 2021 suka saka shi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Gaskiya in don Najeriya ne zan iya sauka daga kan TIDAL in ce ya fara gwada ita, tun da da naira ake biya. Deezer ma tana da FLAC daidai matakin CD. YouTube Music ce dai ba ta da marar ragi, iyakarta 256kbps, amma kuma ta fi kowa tarin tsofaffin abubuwan da mutane suka ɗora da kansu.

Mai Situdiyo Mabera: Spotify ma sun fara fitar da nasu marar ragin a Satumbar 2025, FLAC har 24-bit 44.1kHz ga masu Premium, amma ƙasa-ƙasa suka riƙa buɗewa, sai mutum ya leƙa saitin ingancin sauti a wayarsa ya gani ko ya iso gare shi. Abin da nake yaba masu shi ne Spotify Connect. In kana da ɗan akwatin sitirima irin WiiM da aka haɗa da amfilifaya da wayifai, akwatin ne ke jawo waƙar da kansa, waya ta zama rimot kawai. Ko an kira ka waƙa ba ta yankewa, kuma ba za a ji ƙarar shigowar saƙo a sifika ba. TIDAL ma suna da irinsa. Amma wannan sai gidan da ke da rauta mai data wadatacciya.

Abdul Arkilla: Rauta kam babu tukuna, datar waya nika amfani da ita. Kenan igiya da DAC ɗin za ni fara.

Injiniya: Shi na daidai. In kana da tsohuwar waya aje, mai da ta ta waƙa ɗai, ta zauna bisa amfilifayar da igiyatta, ka cika ta da abin da kas sauke. Sannan abu biyu da ba ka tambaya ba amma sai na hwaɗa ma don na ga yadda kayan mutane ka ƙonewa. Na ɗaya, kak ka soka wagga amfilifaya kai tsaye ga bango, sa mata sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta kashe ta kahin a maido. Watan jiya anka kawo min wata, wuta tad dawo da ƙarfi cikin dare, taransifoma tat tahi, mai ita har hawaye yay yi don ta mahaifinai ta. Kuma tun da ta gwanjo ta, karanta bayanta ka tabbata 220 zuwa 240V anka rubuta, wasu na Amurka 120V na, na Japan 100V. Na biyu, zahi da ƙura. Kak ka rufe ta cikin kabad, kak ka ɗora mata dikoda bisa ramun iska, in hunturu ya shigo rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki.

Maman Hanifa: Injiniya Allah ya saka da alheri, wannan ta ƙyallen ni ma na ɗauka.

Mai Situdiyo Mabera: Ƙari a kan na Injiniya, falon naka tayil ne?

Abdul Arkilla: Tayil na, kuma ba labule masu kauri, kujeru ɗai.

Mai Situdiyo Mabera: To rabin cakuɗewar da ka ji daga nan take. Gidan mutumin da ka saya na tabbata akwai kafet. Sauti yana dukan tayil da bango ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa. Shimfiɗa kafet ko babbar darduma tsakaninka da sifikun, ka janye su daga jikin bango kamar taku biyu, kar ka cusa su a kusurwa don nan bes ke taruwa ya yi ta gurnani. Nisan da ke tsakaninsu ya zama kamar nisan da ke tsakaninka da kowace. Wannan ba ko kwabo, kuma bambancin da za ka ji ya fi na canza manhaja sau goma.

Ɗan Jami'a: Yaya Abdul muna jiran sakamako fa.

Abdul Arkilla: Salam jama'a, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru, ga rahoto. Na samu DAC ɗin da igiyar ja da fari, na ɗauko kafet ɗin ɗakin Inna na shimfiɗa, na jawo sifikun gaba. Wallahi tallahi tun kahin in biya kowa, da waƙoƙin da ac cikin wayata, sautin nan da nij ji gidan mutumin ya dawo kusan duka. Muryar ta koma tsakiya awa mutum na tsaye tsakanin sifikun biyu.

Sannan nib bi shawarar Anti. Baba ya lissafa min goma nai, ni ma goma. Nawa na samu takwas ga Apple Music, tara ga Spotify, na Hausan zamani kuma duka suna Audiomack. Na Baba kam ukku ɗai nis samu ga manyan, sauran sai YouTube, su ma wani na yaɗ ɗora daga kaset kana jin shuuu ɗin zaren. Na yi gwajin da Malam mai situdiyo yat turo min ta waya, ƙanwata ta riƙe wayar tana canza matakin ba ta gaya min, da dare fanka kashe. Ga waƙa guda mai garaya da murya ɗai na cinka huɗu cikin biyar, ga na zamani masu bugu kam ban iya rarrabewa ba sam. Don hakanga na ɗauki Apple Music, ina saukewa marar ragi da dare, Audiomack kuma tana nan don sabbin namu.

Amma abin da yat taɓa ni, da nis saka ma Baba wadda nis samu YouTube, ya yi shiru har ta ƙare sannan yac ce wagga an yanke ta, akwai baiti biyu da babu, nashi kaset ɗin ya fi cika. Yat tashi yaj jawo wata tsohuwar jaka ƙarƙashin gado, kaset sun fi sittin, wasu shi yaɗ ɗauka da kainai daga Rima Radio tun ina yaro, ya rubuta sunan makaɗi da shekara da biro ga kowane.

Bashir na Ingila: Allahu Akbar. Abdul wannan jakar ta fi duk abin da muka yi ta musu a kai. Don Allah kar a bari su lalace.

Mai Situdiyo Mabera: Kawo su Mabera in juye maku zuwa kwamfuta, ba zan karɓi ko sisi ba, ni ma ina son in ji. FLAC zan yi masu a matakin CD, ba zan taɓa sautin da wani gyara ba sai in Baba ya ce a rage shuuu ɗin, kuma zan ajiye asalin daban. Matsalata ɗaya, dek ɗina, wato na'urar kunna kaset, bel ɗinsa ya saki, yana jan zare a hankali.

Injiniya: Kawo dek ɗin shago gobe da sahe, ina da bel, in wanke mai kai da sifirit in daidaita gudun. Abdul kai kuma kak ka saka ko guda cikin wata rediyo kahin nan, zaren da yad daɗe aje shina manne ma juna, rediyo mai datti na iya cinye shi. Ɗauki biro ka juya kowane a hankali ka ga ko shina tahiya, wanda yaƙ ƙi ka aje shi gefe ni za ni buɗe shi da hannuna. Kuma hidda jakar daga ɗakin da rana ka bugu.

Hajiya Gawon Nama: Akwai na marigayi maigidana su ma kusan talatin, har da na wa'azi da tafsirin azumi. In an gama na Baban Abdul a sa ni a layi don Allah.

Mai Situdiyo Mabera: An sa ki Hajiya. Abdul Asabar bayan la'asar, ka zo da goma na farko, kuma in Baba zai iya zuwa ya zo, don shi zai gaya mana in gudun kaset ɗin ya yi daidai da yadda ya san muryar.

Abdul Arkilla: Na gaya mai yanzu, ya ce in sha Allahu da shi za a zo, wai shi zai zaɓi goman da kainai.